Murfin ramin bamba: shin ɗan ƙaramin abu irin wannan ya kai a ba shi haƙƙin ƙirƙira?

Duba gaban kowace Golf ko Sharon da ke lodi a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora, za ka ga wani ɗan rami a jikin bambarta, wani zagayayye, wani mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba. A sabuwar mota ba a lura da shi, domin akwai murfin roba mai launin motar da ya rufe shi ruf. A motocinmu na haya kuwa, sau da yawa murfin ya daɗe da kama gabansa.

Ramin nan ba ado ba ne. A bayansa akwai wani mazaunin ƙarfe mai zaren noti, wanda ke haɗe da ƙashin motar. Idan mota ta mutu a hanya, sai a cire murfin, a ɗauko wani ƙarfe mai zobe a kai da ke ajiye kusa da safaya taya, a murɗa shi a ciki, sannan a ɗaura igiya a ja. Dokar Turai ce ta wajabta wa masu ƙera motoci su tanadi wurin jan mota a gaba, tun shekarar 1977, shi ya sa motocin da ake kawo mana daga can duk suke da shi. Af, ga masu Volkswagen: zaren nasu na hagu ne, hagu ake murɗawa ya shiga. Ana yawan lalata shi saboda rashin sanin haka.

Idan murfin ya ɓata, laka da ruwa su shiga, zaren ya yi tsatsa ya toshe. Direba ba zai san ya yi asara ba sai ranar da motarsa ta tsaya a tsakiyar dajin Falgore da yamma, inda babu mai son ya ƙara ko minti goma. A nan ne za a ɗaura igiya a inda bai kamata ba, a ja, a karya wani abin da ya ninka murfin kuɗi sau da yawa.

To a ce wani mai gyaran bodi a Daɗin Kowa ko Riruwai ya gaji da ganin wannan, ya zauna ya ƙera murfin da ba ya faɗuwa, direbobi suka fara saye. Tambayar da za ta biyo baya ita ce wadda matasa masu ƙere-ƙere ke yawan yi: zan iya yi masa rajista don kada wani ya kwaikwaya? Amsata a taƙaice ita ce, takarda kam zai iya samu, amma da wuya ta tsare masa komai. Kuma a ganina laifin ba nasa ba ne, dokarmu ce ba a ɗinka ta daidai jikin irinsa ba.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke kula da haƙƙin ƙirƙira a Najeriya ita ce Dokar Ƙirƙira da Zayyana ta 1970, wadda aka yi a zamanin Janar Yakubu Gowon, ta fara aiki a watan Disambar 1971. Kafin ita, sai mutum ya samo takardarsa a Ingila sannan ya zo ya yi mata rajista a nan. Yau sama da shekara 50 ke nan, ita ce dai muke amfani da ita. Ofishin rajistar yana Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.

Sashe na 1 na dokar ya gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama an yi aikin basira kafin a kai gare shi, kuma ya zama za a iya ƙera shi ko amfani da shi a sana'a. Na ukun ba matsala, murfi ana ƙera shi ana sayarwa. Na farko da na biyu su ne ƙashin wuya.

Mu ɗauki sabunta. A wurin doka, sabo ba ya nufin abin da ba a taɓa gani a Doguwa ba, ko a Kano, ko ma a Najeriya. Yana nufin abin da ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, a kowane zamani, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani. Idan wani injiniya a Jamus ya zana irinsa a takarda shekara 30 da suka wuce, ko da ba a taɓa ƙera shi ba, naka ya tashi daga sabo.

Kuma fagen bamba ba fili ne da ba a noma ba. A tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire na duniya, wanda aka amince da shi a Strasbourg a 1971, bamba na da gidanta na musamman mai lamba B60R 19. Mai karatu zai iya buɗe Google Patents ko Espacenet a wayarsa, kyauta ne, ya rubuta wannan lamba ya ga abin mamaki. Akwai murfin da ake danna gefensa ɗaya ya ɗaga, akwai mai igiyar roba a baya don ya yi lilo maimakon ya faɗi, akwai mai juyawa, akwai mai zamewa ciki. Manyan kamfanonin motoci da masu yi musu kayan roba sun shafe shekaru suna turmutsutsu a kan wannan ɗan tafin hannu. Dalilinsu kuwa kuɗi ne: kamfanin da ke ƙera miliyoyin motoci, ko daƙiƙa biyu ya rage a wurin ɗaura murfi, ya ci riba mai kauri.

Wannan ya amsa rabin tambayar. Ƙanƙantar abu ba ta hana shi samun haƙƙin ƙirƙira. Amma ba "murfin da ke rufe rami" ake ba wa haƙƙi ba, domin rufe rami da murfi ya girmi mota, ya girmi kakan wanda ya ƙera ta. Ko tulu murfi gare shi. Abin da ake ba wa haƙƙi shi ne takamaimiyar dabara: yadda haƙoran riƙewa suke, yadda murfin ke buɗewa ba tare da an sa sukundireba an kankare fenti ba, yadda yake zama daram duk da robar na buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi.

Sharaɗi na biyu ya fi kayar da mutane. Dokarmu ta ce kada abin ya zama wanda kowane masanin sana'ar zai iya hasasowa kai tsaye daga abin da aka riga aka sani. Shahararriyar shari'a a kan wannan batu a Amurka, abin sha'awa, a kan kayan mota aka yi ta. Kamfanin Teleflex ya kai KSR ƙara a kan totur da ake iya matso da shi gaba ko baya, wanda aka haɗa da na'urar lantarki mai gaya wa inji yawan man da direba ke so. Ranar 30 ga Afrilun 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa totur mai matsawa sananne ne, na'urar ma sananniya ce, haɗa su kuwa abu ne da kowane injiniyan fannin zai yi tunaninsa, don haka babu haƙƙi. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma ma'aunin iri ɗaya ne. Idan bakanikenmu ya ɗauki murfi ya ɗaura masa 'yar sarƙa don kada ya ɓata, ya yi hikima, amma hikimar da ke jikin murfin tankin mai ce tun da daɗewa.

Takardar da ba a bincika ba

Nan ne abin ya fi damuna. A Amurka, Japan ko ofishin Turai da ke Munich, idan ka kai ƙirƙirarka, akwai ma'aikacin da zai zauna ya tono duk abin da aka taɓa yi a fannin, ya yi ta musu da kai, wani lokaci na shekaru, kafin a ba ka ko a hana ka. A Najeriya sashe na 4 na dokar ya ce magatakarda zai duba cikar takardu ne kawai: an cike fom daidai, an kawo bayani da zane, an biya kuɗi, ƙirƙira guda ce a ciki. Ba aikinsa ba ne ya bincika ko abin sabo ne. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba, wanda ya karɓa shi ya ɗauki kasadar.

Ma'ana, mutumin Doguwa zai iya haɗa kuɗin masarar da ya noma, ya biya lauya ko wakili, ya jira, a miƙo masa takarda mai hatimi, ya sa ta a gilas ya rataye a shago. Ranar da wani a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ya fara buga irin murfin nasa, sai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya, domin ita kaɗai ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Lauyan ɗaya ɓangaren ba ya buƙatar komai illa ya fito da tsohuwar takarda guda daga intanet mai zanen da ya yi kama, ya roƙi kotu ta soke rajistar a ƙarƙashin sashe na 9. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: ga kuɗin rajista, ga kuɗin da ake biya duk shekara don takardar ta ci gaba da rai, ga kuma na shari'a.

Ba cewa nake takardar Najeriya banza ce ba. Ga wanda ƙirƙirarsa sabuwa ce da gaske, tana ba shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, kuma tana kafa masa ranar da zai dogara da ita idan zai nemi kariya a waje, tunda Najeriya na cikin Yarjejeniyar Paris, kuma ta shiga tsarin PCT a 2005. Abin da nake cewa shi ne hatimi ba shaida ba ne cewa an gwada abin an ga ya ci. Duk wanda ya ce maka "kawo kuɗi in fitar maka da takarda" bai tambaye ka ko ka yi bincike ba, cinikinsa yake yi, ba naka ba.

Sannan akwai tarko biyu da al'adar sana'armu ke jefa mutane ciki. Na farko, mai sana'a a wurinmu ba ya yarda da abu sai ya gwada shi a kasuwa: ya ƙera goma, ya ɗaura wa direbobin layin Kano zuwa Jos, ya ji me za su ce bayan damina. Wannan shi ne hankali. Amma a idon doka, ranar da ya sayar da na farko, ko ya ɗora bidiyonsa a TikTok, ya bayyana shi ga jama'a, ya kashe sabuntarsa da hannunsa. Sassaucin da dokar ta yi guda ne: wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, a cikin wata shida kafin ya shigar da buƙata. Kasuwar mako ba ta ciki. Na biyu, dokar na ba wa wanda ya fara shigar da takarda ne, kuma abin da aka ƙirƙira a bakin aiki ko bisa kwangila, haƙƙinsa na mai aikin ne. Yaron shago da ya fito da dabara a garejin maigidansa, da kayan aikin maigidansa, ya kamata ya san da wannan kafin zumunci ya ɓaci.

Ɗaya fuskar: wa zai hana mu ƙerawa?

Akwai masu tsoro ta ɗaya gefen, suna ganin idan sun kwaikwayi murfin Toyota ko Volkswagen sun taka doka. A nan labarin ya fi daɗi. Haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallaka iyaka da kansa. Takardar da aka bayar a Japan ko Jamus ba ta da ƙarfi a Bebeji sai idan mai ita ya zo ya yi rajista a Najeriya cikin wa'adi. Kuma ko ya yi, bayan shekara 20 ta mutu, abin ya zama na kowa. Golf 3 ta fito ne a 1991, Sharon ta farko a 1995. Duk wata dabara da ke jikin bambarsu ta asali ta daɗe da zama gadon jama'a.

Ita ma rajistar siffa, wato kare kamannin abu ba aikinsa ba, a dokarmu shekara biyar ce, ana sabuntawa sau biyu, jimilla 15. Kuma ba ta shafi siffar da aiki kaɗai ya tilasta ta ba. Murfin da dole ya yi daidai da ramin da aka riga aka huda, ina zaɓin siffa a nan?

A ƙasashen da ake ƙera motoci wannan rigima ce babba. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan Ford a kan siffar bonet da fitilar gaban motarta F-150, abin da ya ɗaure hannun masu ƙera makwafinsu. A watan Mayun 2024 kotun nan dai, a shari'ar LKQ da General Motors a kan ɓangaren bodin da ke saman tayar gaba, ta sassauta hanyar ƙalubalantar irin wannan rajista. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta sa wa dokarta sashen gyara, wanda ya ba kowa damar ƙera kayan bodi don mayar da mota kamanninta na asali, duk da an ba wa tsofaffin rajistoci wa'adi zuwa 2032. Ni ina tare da Turai a nan. Wanda ya sayi mota ya riga ya biya kuɗin zanenta sau ɗaya, bai kamata a sake tatsarsa duk ranar da akuya ta gitta masa ba. Idan aka tashi gyara dokarmu, a rubuta wannan ɓaro-ɓaro, kada mu kwaso tsarin da zai amfani masu ƙera mota alhali mu masu gyara ne.

Inda hatsari yake na gaske shi ne tambari. Ƙera murfin da ya dace da Corolla daban, buga masa alamar Toyota ka sayar a matsayin na kamfani daban. Na biyun jabu ne, kuma alamar kasuwanci ba ta mutuwa muddin ana sabunta ta.

Abin da ya kamata a gyara

Tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde, kuma yarjejeniyarsu ta Bangui ta tanadi wani ƙaramin haƙƙi na shekara 10 domin kayan aiki da gyare-gyaren da ke da amfani amma ba su kai babbar ƙirƙira ba. Jamus na da irinsa tun 1891, Japan tun 1905, Sin da Kenya ma suna da shi. Dokar Najeriya ba ta san da shi ba. A wurinmu ko dai ka zo da babbar ƙirƙira, ko ka koma gida.

Amma dubi irin ƙirƙirar da ake yi a kudancin Kano. Mai walda da ya sauya haƙoran injin casar masara don kada ya farfasa ƙwaya. Wanda ya gyara famfon ban-ruwa don ya jure yashin da ke zuwa da ruwan Tiga. Wanda ya ƙara wa kariyar babur ƙarfi don ta ɗauki buhu biyu ta hau tudun Riruwai. Duk ƙananan gyare-gyare ne, irin waɗanda ƙaramin haƙƙi aka yi domin su. Kada kuma a raina ƙaramin farko. Sakichi Toyoda, wanda zuriyarsa ta kafa Toyota, takardarsa ta farko a 1891 ta masaƙar katako ce ta hannu. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin masaƙarsa mai sarrafa kanta a kan fam 100,000, a daidai lokacin da ɗansa Kiichiro ke karkata ga ƙera mota.

Na san abin da za a ce: ƙaramin haƙƙi ma a ƙasashe da yawa ba a bincikensa kafin a bayar, to ba ƙara yawan takardun bogi za a yi ba? Ƙorafi ne mai tushe. Amma bambancin shi ne ma'aunin da kotu za ta auna shi da shi ya fi sauƙi, kuɗinsa kaɗan ne, wa'adinsa gajere, don haka ko an yi kuskure ɓarnar ba ta da yawa. Kuma za a iya yin yadda Japan ta yi, a ce ba ka da ikon yi wa kowa barazana da takardar sai ka fara karɓo rahoton tantancewa daga ofis. Sai a haɗa da wa'adin afuwa, kamar shekara guda da Amurka ke bayarwa, don wanda ya gwada abinsa a kasuwa kada ya rasa haƙƙinsa saboda gwajin. An sha kai ƙudurorin sabunta wannan doka Majalisar Tarayya, har yanzu ta 1970 ce a kan aiki. 'Yan majalisar da ke wakiltar Doguwa da Tudun Wada, da na Kiru da Bebeji, suna da abin da za su riƙe a nan wanda ya shafi masu sana'ar hannu a mazaɓunsu kai tsaye.

Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu, kuma ta buɗe ofisoshi a manyan makarantu da cibiyoyin bincike. Aiki ne mai kyau, sai dai ƙofarsa ta fi kallon malamin jami'a. Mai walda a Doguwa ba ya rubuta Turancin lauyoyi, bai kuma san akwai ofishin ba. Da za a sa ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero ko ta Wudil su riƙa zagaya garejoji lokacin koyon aiki, suna taya masu sana'a binciken abin da aka riga aka yi, da an rage asara, an kuma gano 'yan kaɗan ɗin da suka cancanci a kashe musu kuɗi.

Kafin a kai can, shawarata ga mai murfin nan ita ce ya juya lissafin. Ya ɗauki rumbun takardun nan na intanet, mai ɗauke da sama da miliyan 100, a matsayin makaranta, ba abin tsoro ba. Kowace takarda na ɗauke da zane dalla-dalla da bayanin matsalar da aka so warwarewa, domin sharaɗin bayar da haƙƙi shi ne ka tona sirrinka. Waɗanda suka haura shekara 20 nasa ne halak malak. Ya zaɓi dabarar da ta fi dacewa, ya gyara ta daidai da yanayinmu, domin injiniyan da ya zana murfin Golf bai yi lissafin zafin watan Afrilu da ke busar da haƙoran roba har su karye ba, balle gargadar hanyar karkara da damina. Ya sa wa kayansa suna, ya yi wa sunan rajista, wadda ke ɗaukar shekara bakwai a karon farko sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Direba ba ya tambayar takarda, yana tambayar na wane ne ya fi daɗewa.

Idan kuwa a cikin binciken ya ga dabarar riƙewar da ya fito da ita babu irinta a ko'ina, to ya rufe bakinsa, ya ajiye wayarsa, kada ya sayar ko da guda ɗaya, ya rubuta kwanan wata a kan zanensa, ya nemi wanda ya san aikin ya rubuta masa iyakar abin da yake iƙirari, ya shigar da takarda tukuna. Bayan an buga masa ranar karɓa, sai ya kai na farko tasha.